Ki Ajiye Mini Dariyarta

Lukacukai, farkon haihuwar tumaki

Zuwa ga baban 'Yar Kumatu, wurin aikin layin dogo a Basto.

Ni ce Nanaba nake magana, Yaya Zoni 'yar yayar Inna ke rubutawa a kan kantar mai kanti. In ka ji wata magana ta karkace, hannunta ne, ba bakina ba.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya rana, yaya ɗaukar ƙarfe? Mu nan kowa ƙalau. Inna ta ce in gaishe ka, amma gaisuwar ta tsaya daga nesa, ko a takarda kada suruki ya haɗa ido da surukarsa. Ta ce tun da ka tafi ta huta da leƙe kafin ta fito daga hogan, ɗakinmu na ƙasa da itace.

Tumaki sun fara zubawa. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu ta ƙi ɗaya, yanzu yana kwana a ɗaki tare da mu, yana cin gezar bargona.

'Yarka kuwa sai ka gani. Kumatun da ka bari sun ninka, in an ɗaure ta a allon goyo sai su zubo ta gefe. Mun binne cibiyarta a shingen tumaki yadda ka ce, don kada ta zama mai yawon duniya irin wani da na sani.

To ga abin da ya kawo ni. Ba ta yi dariya ba tukuna. Inna ta ce haba, yaushe ma aka haife ta. Na sani. Amma kai ma ka san har yanzu ƙafarta ɗaya tana wurin Masu Tsarki da suka aiko mana ita, sai ran da ta yi dariya za mu san ta zaɓi zama da mu. Kuma ka san ɗanmu na farko bai kai ga nan ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, Zoni ma ta ɗaga alƙalami.

Mutane kuma sai abin haushi. Kowa ya san wanda ya fara sa jariri dariya shi zai yanka rago, ya kawo gishirin dutse da alewa, ya ciyar da dangi. Shi ya sa duk wanda ya zo tun daga bakin ƙofa yake tambaya, "Ta yi?" In na ce a'a, sai ka ga ya ɗaure fuska kamar mai ciwon haƙori, ya zauna can nesa ya sha kofi ya tafi. Kawu Bitsili ya zo daga majalisar ƙabilarmu da ke Dutse Mai Taga da sabuwar hula, ya leƙa allon, ya ce, "Hm." Na ce, "Kawu, ɗan yi mata wasa mana." Ya ce shi wakilin jama'a ne, ba a zaɓe shi don ya yi wasa ba. Na ce ai tumakinka ka ke wakilta. Ya sake cewa, "Hm."

Ka aiko da amsa. Ka faɗa mini yaushe za su sake ka.

Taka, uwar 'Yar Kumatu.

(Ni Zoni na ƙara: yarinyar lafiyarta lau, uwar ce ke neman magani.)

*

Basto

Zuwa ga uwar 'yata.

Hoski ne. Na ji takardarki, na sa an karanta mini har mai karatun ya gaji. Kukunmu Usebiyo ke rubuta mini wannan, mutumin Meziko ne. Ba ya jin yarenmu na Dine, ni ba na jin nasa, muna haɗuwa a ɗan Turancin da muka tsinta.

Ina lafiya. Aiki da nauyi, abinci wake da safe, wake da rana, in an so a burge mu a ba mu wake da yamma. Ki gaida Inna daga bayan dutse. Ki gaida Kawu, ki ce masa na ce, "Hm."

Kada ki tada hankalinki. 'Yata za ta yi dariya, jinina ce. Ni an ce mini kafin a gama yi mini wankan farko na fara, har aka rasa wanda zai yanka rago.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki ajiye mini dariyarta. Kada kowa ya taɓa, rabona ne, sai na dawo.

Heluma, shugaban aikinmu, ya ce ba sallama sai an kai layi bakin kogi. Ban san yaushe ba.

Mijinki.

*

Lukacukai, lokacin shukar masara

Baban 'Yar Kumatu,

Gaisuwa da fatan waken bai gama da kai ba. Mu lafiya. An yi iska mai yashi ta kwashe mana rumfa, mun sake kafawa.

Na ji saƙonka. Na sa Zoni ta maimaita wurin, ta sa yatsa ta bi shi baƙi baƙi, ta ce haka ya ke, ki ajiye mini dariyarta. Da farko na ce wannan wace irin magana ce. Da na zauna na yi tunani sai na gane. Ba ka ga haihuwarta sosai ba aka kwashe ku a mota, ba ka ga komai nata ba, kana so ko wannan ɗaya ya zama naka. Har na yi ƙwalla a gaban mai kanti, ya ɗauka albasa ce ya matsar da buhun.

To ina ajiyewa, amma ka sani abin da wuya. Dariya ba masara ba ce da zan zuba a buhu in ɗaure.

Na hana kowa yi mata wasa. Wannan bai yi wuya ba, har gode mini suke yi. Wuyar tana gida. Ran nan Inna ta sunkuya tana hura wuta, ɗan ragon nan maraya ya ɗauko gudu ya haye bayanta ya tsaya kamar ya hau tudu. Inna tana ihu tana cewa a sauke mata wannan ɗan banzan, shi kuma yana kallon gabas abinsa. Na waiwaya sai na ga bakin yarinya ya fara buɗewa, idonta ya ƙanƙance. Na yi tsalle na juya allon ya kalli bango. Ni kaina na cusa gefen zane a baki na fita bayan hogan, na yi ta shaƙewa har cikina ya ƙulle.

Yanzu in abin dariya ya taso fita nake yi da shi waje. In ina ba ta nono sai in riƙa tunanin ƙidayar tumakin da gwamnati ke yi mana don fuskata ta tsaya.

Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin an yi wa jariri haka ba. Ta ce mijin da ya bar gida ba ya riƙe wa gida baki. Na ce Inna abu ɗaya ya roƙa. Ta ce to ki tambaye shi, in Masu Tsarki suka ga an ba su baya, su wa za su jira?

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Ka yi sauri. Ka ce wa heluman nan kogin ba gudu zai yi ba.

Taka.

(Zoni: ni ma an hana ni dariya a gidan. Ni da na yi shekaru a makarantar kwana ana hana ni Dine, yanzu ga sabuwar doka.)

*

Lukacukai, masara ta kai idon sawu

Baban 'Yar Kumatu,

Kana lafiya? Motar wasiƙu ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, ba naka. Mai kanti tun daga nesa yake girgiza mini kai.

Mu jikinmu lafiya. Ita ma tana ci, tana barci. Amma ka ji. Ɗan da aka haifa a gidan ƙetaren kwari bayan tamu ya yi dariya, har mun je mun ci nama mun karɓi gishiri daga hannunsa. Na zauna a can da tawa a lulluɓe kamar na sato ta.

Yanzu ko murmushin nan da take yi da safe ta daina. Sai ta zuba mini ido, ta yi ta kallo, kamar baƙon da ke tunanin ko ya kwana ko ya kama hanya. Da asuba in na fita addu'a ina watsa garin furen masara ban san me zan roƙa ba. In ce ta yi, na ci amanarka. In ce kada ta yi, wace uwa ce ke roƙon wannan?

Inna ta ce za ta kira mai rawar hannu, mai duba, ta gano mana ko wani abu ne. Na ce ta dakata. Ina tsoron abin da hannun zai nuna, kada ya nuna ni.

Baban yarinya, ka sake ni daga wannan alkawari. Ko kalma ɗaya ce ka aiko. Ba na so in...

(Zoni: ta tsaya a nan, ba ta iya ƙarasawa ba. Hoski, in kana raye ka amsa. In ka amsa da wasa, ni zan zo Basto da kaina.)

*

Nidals, bakin kogi

Uwar 'yata! Zoni, karanta mata wannan da ƙarfi, tun kafin gaisuwa: A SA TA DARIYA. Yau. Kowa ma. Ko kare ne.

To yanzu ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau. An ɗauke mu daga Basto zuwa nan, ko da yake layin bai iso kogin ba tukuna, takardunki suka yi ta bin mu a baya, sai jiya suka same ni su biyu a haɗe. Wani Dine mutumin garin Tuba da ya yi soja shi ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wannan. Da ya kai wurin juya allo na ce tsaya, wa ya ce a ajiye dariya? Ya ce kai, in ji matarka.

Ban ce haka ba! GISHIRI na ce! Na ce in ta yi dariya aka yi biki, ki ajiye mini gishirin dariyarta, rabona, kada kowa ya taɓa sai na dawo in karɓa daga hannunta.

Na tafi kicin na sami Usebiyo. Na ce ina gishirina? Ya miƙo mini gwangwani. Na ce ba wannan ba, na cikin takarda! Sai ya ce oho, wannan. Wai ya ji na ce gishiri, amma shi shekara da shekaru yana girki, ya san inda ake sa gishiri, a wake ake sa shi, ba a dariya ba. Wai ya ɗauka Turancina ne ya zame, sai ya gyara mini don kada matata ta raina ni. Na bi shi da ludayi muka zagaya tanti. Da sojan ya yi masa bayani, sai mutumin nan ya zauna a kan buhun wake ya fashe da kuka, ya ce shi ma 'ya'yansa mata huɗu. Ƙarshe ni na koma ina ba shi haƙuri. Ya ba ni alewar ƙasarsu ya ce a kai wa yarinya.

Nanaba, ban yi barci ba. Ke kuma da kika ji magana irin wannan, ba sai ki ce mijina ya haukace ba? Da kin bi ta Inna. Ki ce mata ta yi gaskiya, amma kada ki ce ni na faɗa.

Duk wanda ya sa ta dariya kada ya ji tsoro, a yanka ragona mai baƙin kai.

Ku aiko mini da labari ko a bakin tsuntsu ne.

*

Lukacukai, bayan askin tumaki

Baban 'Yar Kumatu,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Zauna tukuna, labarin da tsawo, na ce wa Zoni ta sayi takarda biyu.

Da aka karanta mini saƙonka ban san lokacin da na bar buhun gari a kanti na kama hanya da gudu ba. Inna ta ji, ta ce, "Ragonsa? A ina ya sami rago? Duk abin da ke shingen nan nawa ne da na 'yata." Amma ta tashi ta fara yi wa yarinya rawa.

Ba ta yi ba.

Na yi mata kukan akuya, na yi mata atishawa, na ɗora tukunya a ka. Zoni ta yi mata Turanci irin na malamarsu. Muka kamo ɗan ragon muka ɗora wa Inna a baya da gangan, Inna ta yarda, ka ji inda abin ya kai. Yarinyar nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tattara gira. Ka san fuskar wa ta ɗauko? Ta Kawu Bitsili. Saura kaɗan ta ce, "Hm." Na ce a raina shi ke nan, na koya mata da hannuna, ta ga gidanmu ba gidan zama ba ne.

Ana nan sai ranar taron yanki ta zo, a kan inda za a kafa famfon iska mai jawo ruwa. Muka hau keken doki muka tafi. Zaure ya cika, maza a gefe, mata a gefe, Kawu a gaba da hularsa, ga wani Bature daga ofishin gwamnati da tafintansa. Aka yi ta magana tun hantsi. Kowa so yake a haƙa rijiyar a bakin shingensa.

Da Kawu ya ce akwai mai sauran magana, sai na ji ni a tsaye. Ni da ko a gida ba na ɗaga murya. Allon yana hannuna.

Kawu ya ce, "'Yata, a kan famfo ne?"

Na ce, "A'a Kawu, a kan jikarka ce. Ba ta yi dariya ba. Ni na hana ta, bisa kuskure, yanzu ta ƙi. Ku kuma kowa ya zo gidana sai ya ɗaure fuska don kada ragonsa ya tafi. Kun ce wannan zauren na abin da ya dami jama'a ne. To ita ma jama'a ce, in ta yarda ta zauna."

Sai wata tsohuwa daga can baya ta ce, "Wata nawa?" Inna ta faɗa. Na ji mata sun ja numfashi.

Tsohuwar ta ce, "Bitsili, kai ka sassaƙa allon nan?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To ka sassaƙa allo ka kasa sassaƙa fuskarka? Tun kana yaro rowa gare ka, ni na yi maka goyo, na sani."

Aka kwashe da surutu. Kawu ya buga tebur ya ce ba a yin abu a zauren nan sai da ƙuri'a. Ya ce masu goyon bayan a sa yarinya dariya, kowa ya ɗauki rabonsa na biki, su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Ya ce masu adawa. Wani tsoho ya ɗaga, matarsa ta sauke masa. Baturen ya tambayi tafinta me aka zartar. Tafinta ya ce masa maganar cikin gida ce.

Aka jingina allon a jikin tebur tana kallon jama'a. Baban yarinya, da ka ga abin da na gani! Dattawan da ke yi wa gwamnati gardama a kan tumaki, ga su a layi. Wannan ya zaro harshe, wancan ya motsa kunne. Mai waƙar magani da kansa ya kumbura kumatu ya fasa da hannu. Tsohuwar nan ta cire ɗankwali ta yi kukan jaki. Baturen ya ga kowa na yi, ya ɗauka al'ada ce, ya zo ya tsuguna ya kaɗa makullansa.

Yarinya ta bi su da ido. Ko gezau.

Saura Kawu. Ya cire hula ya ajiye a hankali. Ya gyara wuyan riga. Ya ce, "A rubuta cewa ba da son raina ba." Sai ya sa hannuwa a hammata, ya turo wuya, ya fara zagaya tebur yana kukan talotalo. Wakilin majalisa! Yana yi yana taka ƙafa ɗaya ɗaya, fuskar nan kuma a ɗaure tamau, ko alamar wasa babu.

Ni dai ban san abin da ya faru ba. Abin da na yi wata da watanni ina kaiwa bayan hogan, shi ya taso mini gaba ɗaya. Na nemi gefen zane ban samu ba. Na fashe. Na durƙusa a gaban allon ina dariya, hawaye na zuba, har da shaƙuwa, na kasa tsayawa.

Sai na ji wani ɗan sauti a kusa da kunnena.

Ba Kawu take kallo ba. Ni take kallo. Ta buɗe bakin nan da ba haƙori, kumatun suka hau sama, ta yi. Ta tsaya kamar ta tsorata da kanta. Ta sake yi, da ƙarfi, har allon yana motsi.

Inna ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Tsohuwar ta ce, "Yarinyar nan ba ƙi ta yi ba, ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba ne."

Kawu kuwa ko hula bai mayar ba ya ce, "Kowa shaida ne, uwar ta sa ta. Bikin na uwa ne." Tsohuwar ta ce, "Uwar kuma wa ya sa ta?" Aka yi ta yi har rana ta karkata. Ƙarshe aka sake ɗaga hannu, aka zartar cewa talotalo ne, kuma talotalon yana da tumaki. Maganar famfo sai taro na gaba.

An yi biki a gidan Inna. Kawu ya yanka biyu, ya ce ɗaya ramamme ne shi ya sa. Aka yi romo da soyayyar gurasa da kunun shuɗiyar masara. Na riƙe ta a cinya da kwandon saƙa a gabanmu, kowa ya zo da kwanonsa, ina sa mata gishiri a tafin hannu tana sakar masa. Ba ta ƙanƙame ko ɗaya ba. Inna ta ce wannan ba za ta yi rowa ba, ba ta biyo dangin wasu ba. Gishirinka yana ƙulle a tsumma a saman ƙofa. Ka gaida kukun nan, ka ce masa ya daina kuka, an ci alewarsa a bikin.

Yanzu kuma ta ƙi dainawa. Kare ya wuce, dariya. Inna ta yi tari, dariya. Tana nan a kan kantar kanti yanzu haka tana yi wa mai kanti, shi ko bai yi komai ba, gashin bakinsa kawai ta gani.

Ta zauna, baban yarinya. Tamu ce.

Na ce wa Zoni ta rubuta maka yadda sautin yake. Ta gwada, ta goge, ta sake gwadawa, ta ce a duk baƙaƙen da aka koya mata babu mai yin wannan. To sai ka zo ka ji da kunnenka.

Taka, uwar mai dariya.